Kwandalar da ba ta taɓa shiga kasuwa ba: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake ba ta maki

Tun da mutane suka gane ina tara tsofaffin sulalla ban ƙara hutawa ba, daga mai tare ni a bakin masallaci da kwabo mai huji ƙulle a hankici, sai yaran Samaru da suka ga wani abu a intanet sun taho suna lissafin miliyoyi, sai mai turo hoto ƙarfe sha ɗayan dare wai "Malam dan Allah duba min, sabuwa ce fil". Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum shi ya sa na haɗa su wuri guda. Zan riƙa cewa kwandala ga kowane kuɗin ƙarfe, anini ne ko taro ko fataka, don kar in yi ta jero sunaye.

Wai me ake nufi da kwandalar da ba ta zaga ba?

Ita ce wadda tun da aka bugo ta ba ta suɗe ko kaɗan ba, wato hannu da aljihu da gwangwanin mai shago ba su ci komai daga jikinta ba. Ba wai dole sai an rantse ba ta taɓa fita daga banki ba, babu mai tambayar tarihinta, jikinta ake dubawa. In wani ya karɓi canji a Sabon Gari a 1973 ya jefa kwabo ɗaya a adaka bai ƙara taɓa shi ba, zai iya cin wannan suna. In kuwa ta kwana biyu kacal a aljihu tare da makullai har saman zanen ya ɗan goge, toh ta fita daga aji, ko da ido ɗaya ake ganinta kamar sabuwa.

A takardun 'yan kasuwar Ingila za ka ga an rubuta UNC, na Amurka kuma MS da lamba a gaba, duk maganar ɗaya ce.

Tawa tana ƙyalli har tana kashe ido, ba shikenan sabuwa ce ba?

A'a, kuma a nan ne mafi yawan mutanenmu ke faɗawa rami. Ƙyalli iri biyu ne. Akwai sheƙin asali wanda ta fito da shi daga gidan bugu, akwai kuma ƙyallin guga. Lokacin da injin ya danna ƙarfen tsakanin hatimai biyu da ƙarfi, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki, sai ya bar wasu 'yan layuka sirara ƙwarai da ido ba ya gani, su ne ke kama haske. Shi ya sa in ka riƙe sabuwar kwandala a ƙarƙashin ƙwan fitila kana karkata ta a hankali za ka ga hasken ya yi kamar fiffiken fanka guda biyu yana zagaya fuskarta, ka juya dama ya bi, ka juya hagu ya bi.

Wadda aka goge kuwa hasken ba ya zagayawa, duk fuskar ce ke walƙiya lokaci guda kamar bayan cokali, haruffan sun yi laushi, kuma in ka duba lungun haruffa za ka tarar da baƙin datti ko farin garin abin gugar ya maƙale. Waɗancan layuka da zarar sun tafi sun tafi, ba wani magani ko maƙeri da zai dawo da su. Duba amsar wanki a ƙasa don a can na fi yin surutu.

Mene ne su MS60, MS63, MS65 da nake gani?

Maki ne a kan ma'auni mai hawa daga 1 zuwa 70. Wani Ba'amurke William Sheldon ne ya fito da shi a 1949, asali ma don tsofaffin sulallan jan ƙarfe na Amurka ya yi shi, daga baya aka shimfiɗa shi a kan kowace irin kwandala. Daga 1 zuwa 58 na waɗanda suka zaga ne, 1 ita ce wadda ta suɗe har da ƙyar za ka gane ko mece ce. Daga 60 zuwa 70 kuma na waɗanda ba su suɗe ba.

A taƙaice 60 zuwa 62 sabuwa ce amma ta sha tabo ko sheƙin ya dushe, wani lokaci ma ba ta da kyan gani sam. 63 ta yi kyau, akwai tabo amma ba ya ɓata rai. 65 ita ce wadda in ka gani sai ka ce masha Allah, sheƙi cikakke tabo 'yan kaɗan kuma ba a wurin da ido ke fara sauka ba. 67 zuwa sama sai ka sa madubi kana nema kafin ka ga aibu. 70 kuwa ko an ƙara girmanta ninki biyar ba a ganin komai, kuma gaskiya a tsofaffin kuɗin kashewa irin namu kar ma ka sa rai, kwandalolin zamani da ake bugawa musamman don masu tarawa su ne ke kaiwa can.

In duk ba su zaga ba, me ya sa wata 61 wata 65?

Saboda kuɗin kashewa ba a lallaɓa shi. Daga bakin inji suke zubowa kan juna, a auna a zuba a buhu, a jibga a jirgin ruwa daga Ingila zuwa Legas, a sake jibgawa a jirgin ƙasa zuwa Arewa, duk tafiyar nan bakin wannan yana saran fuskar waccan. Wannan shi ake kira tabon buhu, 'yan sara ne gajeru masu ɗan zurfi, kuma ba suɗewa ba ne don haka ba ya fitar da ita daga ajin sababbi, maki dai yake ragewa. Manya masu nauyi irin fataka sun fi anini shan wannan wahala.

Abu huɗu ake haɗawa. Na farko tabon, yawansa da girmansa da kuma inda ya faɗa, don sara ɗaya a kumatun Sarauniya ya fi uku da suka ɓuya cikin gashi ko cikin ganyen gyaɗa illa. Na biyu sheƙi. Na uku bugu, wato ko zanen ya fito raɗau ko ya fito da rauni. Na huɗu shi ne wanda ba ya aunuwa, kyan gani kawai, yadda ta faɗo maka a ido karon farko. Kuma fuskar gaba ta fi ta baya nauyi a lissafi, in gaba 63 ce baya 65, toh kwandalar 63 ce, kar ka ce za ka raba biyu.

Da me zan duba, kuma yaya zan riƙe ta?

Ka wanke hannu ka shanya, ka shimfiɗa tawul mai laushi a kan tebur saboda ko ta suɓuce, don in ta faɗi a siminti baki ya lotsa shikenan maki ya zube. A gefe ake riƙewa tsakanin babban yatsa da manuni, ba a ɗora yatsa a fuska, gumin hannu yana da gishiri da maiƙo kuma bayan 'yan watanni zanen yatsan zai fito ya zauna daram musamman a jan ƙarfe. Kar ka yi magana a kanta, kar ka hura mata iska da baki. Wani dattijo a Tudun Wada ya taɓa nuna min kwabonsa yana ba ni labari yana cin goro, ni dai ina kallon 'yan ɗigon da ke sauka ina cewa "Baba a ɗan matsar da shi gefe", irin waɗannan ɗigon ne ke zama baƙaƙen tabo daga baya.

Haske kuma ƙwai ɗaya tak a ɗaki mai ɗan duhu ya fi, dogon ƙwan nan fari yana ɓoye zane, rana kuma tana kashe ido. In NEPA sun ɗauke tocilan ɗin waya ma ta yi in ka ɗan nisanta ta. Ka fara da ido zalla kana karkatawa kana juyawa, sannan ka ɗauko madubin ƙara girma mai ninki biyar zuwa goma, irin na masu gyaran agogo ko masu gyaran waya na unguwar PZ a Zariya. Kar ka wuce haka, a ninki talatin kowace kwandala kamar gonar da aka yi wa huɗa take.

Ta yaya zan gane ta ɗan suɗe ne ko kuwa bugun ne bai fito ba?

Wannan ita ce tambayar da ke raba gwani da ɗan koyo, kuma ko gwanayen suna saɓawa a kanta. Suɗewa tana farawa ne daga wuraren da suka fi tudu. A sulallan 1959 masu kan Sarauniya Elizabeth, wato taro da sisi da sule da fataka, ka duba kumatu da gashin da ke saman kunne da jikin kambun. A kwabo da ɗari (wato rabin kwabo) masu huji babu kai, sai ka duba layukan tauraron nan mai tsini shida da kambun da ke saman hujin. A kwabban 1973 ka duba ƙirjin mikiya da kafaɗun dawakan tambarin ƙasa. A naira ɗaya mai Herbert Macaulay kuwa goshi da kumatu da gashin bakin nan nasa.

Ka karkata ta a hankali ka bi sheƙin da ido. In sheƙin ya zo kan tudun ya yanke, wurin ya yi wani toka-toka daban da kewayensa, toh gogewa ce, ta zama AU, wato ta kusa sabuwa amma ba ta kai ba, makinta 50 zuwa 58. In kuwa wurin ya yi shafal ba zane amma sheƙin ya bi ta kansa bai yanke ba, raunin bugu ne, ƙarfen ne bai cika ramin hatimin ba tun a inji, kuma tana nan a ajin sababbi.

Abin da zai ba ka mamaki, sau da yawa AU58 ta fi MS60 da MS61 kyan gani nesa ba kusa ba, don ita fuskarta tas take gogewar ce kawai 'yar mitsitsiya, waccan kuwa ta sha sara. Ni a karan kaina na fi son in ajiye 58 mai kyau da in ajiye 61 mai kama da wadda aka yi wa tsaga. Amma a nan ne kuma ake cutar mutane, a sayar maka da 58 da sunan 63.

Ta yi duhu, in wanke ta da toka da lemun tsami ko in sa Brasso?

Dan girman Allah kar ka yi. Ni na yi, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Lokacin ina sakandare na samu taro guda huɗu na 1959 a cikin tsohuwar adakar kakata, masu kusurwa sha biyun nan da audugar a baya, naɗe a ƙyalle, da alama tun ranar da aka ba ta ba ta kashe ba. Sun ɗan yi duhu kamar zuma. Na ce bari in burge, na samo toka da lemun tsami na zauna bakin rijiya na dirje uku tas, na huɗun ya tsira ne kawai don an kira sallar magariba. Yau in na jera su huɗun, ukun sun yi wani rawaya fayau mara rai, in ka karkata su sai ka ga dubban zane sirara kamar gashi duk sun bi hanya ɗaya, na huɗun kuwa har yanzu fankar nan tana juyawa a kansa. Garin neman gira na rasa ido.

Toka, tsamiya, lemun tsami, man goge baki, Omo, soson ƙarfe, kai har goga ta da bakin riga, duk suna cin saman ƙarfen ne. Kamfanonin ba da maki in suka ga alamar wanki ba sa ba da lamba kwata-kwata, sai su rubuta cewa ta gaske ce, zanenta na sabuwa ne, amma an wanke, kuma farashinta ya faɗi ƙasa warwas. Duhun da kake ƙi ɗin nan shi masu saye ke so don shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Abu ɗaya da masu tarawa ke yarda da shi shi ne tsoma ta cikin asiton zalla in gam ko maiƙon leda ya manne mata, ba tare da gogawa ba, shi ma ba na cire jan farce ba don wannan da turare da mai a ciki, kuma nesa da wuta don yana kamawa.

Mene ne RD da RB da BN da ake ƙarawa a bayan lamba?

Na jan ƙarfe ne kawai, irin kwabo da ɗari na 1959 da kwabo ɗaya da rabin kwabo na 1973. RD na nufin jan asali yana nan kusan duka, kashi 95 cikin ɗari zuwa sama. BN ta koma ruwan ƙasa, RB kuma tsaka-tsaki. Kwandala za ta iya zama MS65 kuma BN, launi daban maki daban, sai dai ja ta fi tsada. A irin daminar Zariya jan ƙarfe ya shekara sittin yana ja ba ƙaramin abu ba ne, don haka in an kawo maka kwabo ja jawur ka fara zargi, jan wanki yana yin wani fatsi-fatsi kamar hoda, ka koma gwajin fanka da na faɗa a sama.

Na ga wasu an rubuta PF ko PR maimakon MS, sun fi ne?

Ba maki ba ne, irin bugu ne. Su waɗannan ana goge hatimin da ƙarfen tun kafin bugu, a buga a hankali sau biyu ko fiye, a ɗauke da hannu a sa a akwati, don kyauta da masu tarawa ake yinsu. Filinsu, wato wurin da ba zane, kamar madubi yake, bakinsu da kaifi. An yi irin wannan jeri na sulallan 1959 da na 1973. Su ma 60 zuwa 70 ake ba su, amma abin da ke kashe su ba tabon buhu ba ne, siraran zanen nan ne na wanda ya ce bari ya ɗan share ƙura da hankici.

Mai huji fa? Da liyarin da aka yi wa kunne?

Hujin da aka bugo ta da shi ba aibu ba ne, anini da ɗari da kwabo haka aka yi su ana zira su a igiya. Hujin da mutum ya yi da ƙusa kuwa, ko kunnen da maƙeri ya liƙa don a rataya a wuya, lahani ne, ba ta samun lamba. Yawancin liyarin azurfa da ke hannun iyayenmu mata haka suke, darajarsu ta azurfa ce da ta gado.

Tunda na ambaci liyari, 1780 ɗin da ke jiki kar ta ruɗe ka. Shekarar da Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda kanta ke jikin liyarin, ta rasu ke nan, kuma duk wanda aka buga bayan nan wannan shekarar ake sa masa, har a zamanin nan ana bugawa a Biyana babban birnin Ostiriya. Saboda haka liyari sabo dal mai 1780 ba abin mamaki ba ne. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan kaɗan, ka kai wa masu sayar da gwal su ɗora a sikeli, kuma maganaɗisu ba ya kama azurfa.

In makinta ya yi sama, na yi kuɗi ke nan?

Ba lallai ba. Abu uku ne ke haɗuwa, ƙarancinta da makinta da kuma masu nemanta. Misalin da nake yawan bayarwa shi ne kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas. Mutumin bai cika shekara a kan gado ba ya yi murabus, a Ingila ma kuɗi mai kansa bai shiga hannun jama'a ba, sai mutum ya ji haka ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Alhali na Afirka ta Yamma an buga su da yawan gaske, anini da ɗari da kwabo, kuma da yawa an adana su sababbi, don haka ba su da wuyar samu. Haka naira ɗaya da naira biyu na 2007, mutane sun ƙi karɓa sun zauna a bankuna da durowoyi, sababbinsu sun yi yawa.

A ɗaya ɓangaren kuma aninin 1907 na alminiyom ne, ƙarfen bai jure yanayinmu ba yana fumfuna yana cinyewa, shi ya sa a 1908 aka koma farin ƙarfe mai haɗin nikel, toh samun irinsa da fuska lafiyayya ya fi wuya. Ka kuma duba 'yan ƙananan haruffa a kuɗin zamanin Turawa, H ko KN, alamar gidajen bugu biyu ne na Birmingham, shekara ɗaya amma harafi daban yana iya canza lissafi. Zancen wai akwai wani sinadari a cikin tsohon kwabo da ake saye miliyoyi kuwa, ka riƙe aljihunka da kyau.

Wa ke ba da makin da ake yarda da shi? In aika tawa?

Kowa na iya faɗin ra'ayinsa, ni ma ra'ayi nake faɗa, kuma mai sayarwa kullum makinsa ya fi na mai saye da biyu. Waɗanda kasuwar duniya ta fi yarda da su kamfanoni biyu ne na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Mutum fiye da ɗaya ne ke dubawa, a tabbatar ta gaske ce, a ba ta maki, a rufe ta cikin roba mai tauri da lambar shaida. NGC na da ofis a Landan, PCGS na da a Faris ta Faransa. Akwai jabun robobin ma, don haka in za ka sayi mai roba ka shigar da lambar a shafin kamfanin ka gwada hoton da abin da ke hannunka.

Aikawa kuwa ka yi lissafi tukuna, kuɗin dubawa da dala ne, ga kuɗin kaiwa da dawowa ga inshora, a kan kwabon 1973 kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Kuma in akwai alamar wanki ko an taɓa yi mata kunne kuɗinka ya tafi ba lamba, duba amsoshin wanki da huji.

Zan iya turo hoto a faɗa min makinta?

Daga hoto ana iya cewa wannan ta suɗe ko wannan an dirje ta, amma 63 da 65 sai a hannu, don sheƙi sai ana motsa ta yake nuna kansa kuma siraran zane suna ɓuya in hasken ya zo ta wani gefen. In dole ne ka ɗauki gaba da baya da gefe, ba filashi, sannan ɗan bidiyo kana karkata ta a ƙarƙashin ƙwai ɗaya.

A ina zan ajiye ta kar makin ya zube a hannuna?

Kowace ɗaya gidanta daban, kar ka tara su a gwangwanin Bournvita suna karo da juna. Ka guji leda mai laushin nan irin ta albam ɗin hoto ko gidan katin shaida, yawancinta PVC ce, da zafin bazara sai ta yi gumi ta bar wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. Robar ɗaure kuɗi da takardar jarida da ambulan na yau da kullum suna baƙanta azurfa. Abin da ya fi shi ne ɗan gidan roba mai tauri daidai girmanta, ko kwalin nan mai taga da ake yi don sulalla, in stefula za ka sa ka danne ƙusoshin da filaya kar su karci ta kusa.

A Zariya abokan gaba biyu ne. Daga Yuni zuwa Satumba laima, musamman ɗakin ƙasa a cikin birni ko durowar da ta jingina da bango, sai ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi ko na magani cikin akwatin, kana canzawa. Da hunturu kuma ƙura, wadda yashi ce mai laushi, in ta sauka a fuska kar ka share da yatsa ko ƙyalle, ka sa 'yar robar hura iska ta masu gyaran agogo. Kuma akwatin ya yi nesa da kicin da inda uwargida ke sa turaren wuta, ni nawa a saman wadirof yake a ɗakin baƙi, sau biyu a shekara nake buɗewa, farkon damina da bayan an gama girbi.